Yatsun da Suka Kulle Shafin Ustaz Ganim

"Sha mana, Dakta," na ce, na ƙara tura masa kofin. "Ko ruwan unguwarmu ba ya wuce maƙogwaron manya?"

Dakta Mu'ayyad ya dubi kofin, ya dube ni, sannan ya dubi maƙwabcina Ustaz Ganim da ke kishingiɗe an tokare masa baya da matasai. Ya san inda na ɗebo ruwan. A kan idonsa na fita tsakar gida na murɗa famfo, na wuce jarkar ruwan sha kamar ban gan ta ba. Mu nan Basra, ko jaki ka ba ruwan famfo sai ya ɗago ya harare ka. Amma ya zo duba mara lafiya ne, kuma tsoho mai furfura ne ya miƙa masa da hannun dama. Ya kurɓa. Na ga gishirin ya kama masa harshe, ya haɗiye da ƙyar, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah ya saka, Hajji," in ji shi.

"Ban je Makka ba. Abu Sattar za ka ce. Ƙara mana, akwai shi da yawa. Ai ku kuka bar mana shi."

"Abu Sattar," Ustaz Ganim ya ce daga kan katifa, muryarsa kamar ana jan takarda a ƙasa, "bar min baƙo ya huta."

Na koma bakin ƙofa na zauna, inda nake zama kullum tun da ciwon ya kwantar da shi. Ba wanda ya ce in fita, ko da an faɗa ma ba fita zan yi ba. Ni ne Mizhir, wanda ramin yaƙi ya rufta da shi a Fau, ya tono kansa da murfin gwangwani. Ni na dawo daga Kuwait a ƙafa ba takalmi, motoci suna ci da wuta hagu da dama. Shekarun takunkumi na ci gurasar da rabinta garin katako ne, na kuma nemi ƙari. Shekarar da gurɓataccen ruwa ya kwantar da rabin gari a asibiti, ni ko atishawa ban yi ba. Ban taɓa shiga aji ba, ko baƙi ɗaya zai tare ni a hanya ya yi min sallama ba zan gane shi ba. Mai irin wannan tarihi ba ya tashi don wani ya sa kwat.

Dakta ya ture kofin gefe, ya gyara zama, ya tausasa murya.

"Abu Shahad, ni da kai mun daɗe tare. Na zo ne ka yafe min, ni ma na yafe maka, kada ɗayanmu ya tafi da nauyin ɗan'uwansa."

"Na yafe maka," in ji Ustaz, ko jinkiri bai yi ba. Na ji kamar an watsa min tafasasshen shayi a cinya.

"Allah ya ba ka lafiya. To, sai maganar shafin nan. Aikin shekara da shekaru ne, bai kamata ya tafi a banza ba. Cibiya za ta karɓe shi. Sunanka a sama, har da hotonka. Kalmar sirrin da ake shiga da ita kawai za ka ba mu, mu sa matasa su ci gaba da kula."

A daidai nan Shahad, 'yar Ustaz tilo, ta shigo da faranti, ta ajiye shayi a gaban baƙo. Dakta ya bi ta da murmushi.

"Ga 'yarmu nan ma. Takardar tabbatar da ita a aiki tana kan teburina, sa hannu kawai take jira. Ita ma sai ta shiga cikin masu kula. Sai dai layin nan guda ɗaya, Abu Shahad."

"Wanne?"

"Ka san wanne."

Ustaz ya yi tari mai tsawo, Shahad ta riƙe masa kai. Da ya sami numfashi ya ce, "Ka san tsarina, Dakta. Ba na matsar da abu daga inda yake sai na sake buɗe shi na karanta. Zan karanta."

Bari in gaya muku abin da ake ja a kai.

Ustaz Ganim shi ne mai kula da ɗakin taswirori a wata cibiyar nazarin ƙasa da ruwa da ke cikin gari, har zuwa ranar da aka sallame shi. Yana da shafi a intanet, nasa na kansa. Ni na ɗauka littafi yake rubutawa, sai ya ce a'a. Ya ce, "Abu Sattar, ka ɗauka wata doguwar rumfa ce mai ƙofofi ba iyaka. Kowane layi ƙofa ce. Wannan ta kai ka tsohuwar taswirar rafuka, waccan ta kai ka hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, wata awon gishiri, wata awon hayaƙin rijiyoyin mai. Ni mai gadi ne kawai. Ina leƙa kowace ƙofa in ga ko tana buɗewa, in ga kuma abin da ke bayanta."

Kowa a garin nan ya san ruwa iri uku ne. Akwai na sha, wanda ake saya a jarka. Akwai na tanka, na wanka da wanki. Akwai kuma na famfo, wanda sai dai a wanke tsakar gida. Haka Ustaz ya raba ƙofofinsa. Abin da ya sa a ruwan sha, ɗalibi ya ɗauka idonsa a rufe. Na wanka, a yi amfani da shi amma kada a haɗiye. Na famfo kuwa yana ajiye su ne don a san su, a kauce musu. Har daga Rabat da Amman da Alƙahira ɗalibai suke masa godiya, don sun san bai taɓa sa abin da bai karanta ba. Ranar da duk ya duba abu, sai ya rubuta kwanan watan a gefe.

Ni kuma ina da dabino a bakin rafin Zuwayyir, bayan gidajenmu. Kakana ya dasa wasu, ubana wasu, ni na ƙara irin da ake kira barhi a layin gaba. Teku na turowa, teku na janyewa, rafin na cika yana raguwa yana shayar da su ba tare da an roƙe shi ba. Gaskiya gishiri ya yi mana yawa a wasu shekaru, amma da ruwan sama ya sauko daga arewa sai su farfaɗo. Sai ga wani rahoto mai bango mai sheƙi, da sunan Dakta Mu'ayyad a kai, wai rafin ya mutu, gishiri ya gama da shi har abada. Da wannan takarda 'yan kwangila suka zo da manyan motoci suka cike rafin da ɓaraguzai, suka yanka filaye. Dabinona ba a sare su ba, da ma an sare da ya fi min. Tsayawa suka yi suna bushewa daga sama, ɗaya bayan ɗaya, kawunansu suna faɗowa, ina kallo daga rufin ɗakina.

Ustaz ya karanta rahoton, ya sa shi a ruwan famfo, ya rubuta layi ɗaya a ƙasa. Na sa an yi ta karanta min har na haddace: "An auna ruwan sau ɗaya, a ƙarshen zafi, a bakin rafi, lokacin da teku ya turo. Kada a sha." Wannan layi shi ya ci aikinsa, don kafin shekara ta zagayo Dakta ya zama shugaban cibiyar.

To me ya kawo shi yanzu da kwandon lemo? Wata hukumar ƙasashen waje ce ke neman masani ɗaya daga kudu da zai zauna a kwamitinta na ruwa, Dakta kuma ya sa rai. Amma duk wanda ya rubuta sunansa a intanet, kafin ya ga hotonsa da kwat, shafin Ustaz yake fara cin karo da shi.

Motarsa na barin layinmu na juya kan mara lafiya.

"Ka yafe masa? Da bakin wa? Ni ka tambaye ni?"

"Haƙƙina na yafe, ba naka ba."

"Kuma za ka sake karantawa! Me ya canza a ciki? Haihuwa ya yi?"

"Wataƙila ni na yi kuskure, Abu Sattar. Ina cikin fushi lokacin."

"Fushi shi ne daidai! Wallahi in ka goge layin nan, ba zan ɗauki makararka ba. Zan tsaya a kan rufi ina kallo kamar yadda na kalli dabinona."

"Ammu Mizhir!" Shahad ta ce, wato baffa, haka take kirana. "Mutum yana kwance kana masa maganar makara?"

"Bar shi," in ji uban, yana dariyar da ta koma tari. "Shi kaɗai ya rage mai min magana kamar ina da rai."

Washegari aka fara. Idonsa ya riga ya yi rauni, don haka Shahad ke karanta masa in ta dawo daga aiki, kwamfuta a kan cinyarta, fanka na kaɗa iskar teku mai ɗanko. Ni ina bakin ƙofa ina gadi, ina kurɓar shayin busasshen lemo. Ba na gane rabin abin da ake faɗa, amma ina gane fuska. In na ga ya gyaɗa kai sai in yi gyaran murya da ƙarfi.

"Ƙashin kifi ne ya maƙale maka?" ya tambaye ni.

"Ƙarya ce ta maƙale min."

Wani lokaci barci ya ɗauke shi a tsakiyar shafi, Shahad ta yi shiru, sai ya buɗe ido ya ce, "Koma baya. Wane wata ya ce?" In wutar gwamnati ta ɗauke, sai mu jira janareton unguwa ya kama, shi kuma yana kwance yana motsa leɓe, yana juya lambobi a kansa. Cokali biyu na miyar kuɓewa ya fi ƙarfinsa, amma rahoton maƙiyinsa ya cinye shi tas, har da shafukan baya da ba wanda ke dubawa.

Ranar da aka gama ya ce, "Taswirorin da ke ƙarshe masu kyau ne. Wani yaro mai hankali ya zana su. Shahad, ware su ki kai su ruwan wanka."

Na miƙe tsaye, gwiwata ta yi ƙara. "Ka fara ke nan! Yau taswira, gobe bango, jibi ka kai shi ruwan zamzam!"

"Zauna, Abu Sattar."

"Sauran fa?"

"Sauran yana nan inda yake. Na neme masa mafita ban samu ba. Shahad, sa kwanan watan yau a gefe."

Na koma na zauna a hankali, kamar sarkin da aka ba haƙuri. Amma Shahad ba ta motsa yatsa ba. Ta zuba wa allon ido.

"Yaba," ta ce, haka muke kiran uba a nan, "in na sa kwanan yau, Dakta zai san an sake dubawa an sake kayar da shi."

"Haka aka yi ai."

Ta rubuta. Sannan ta rufe kwamfutar, ta ce, "To ba ni mabuɗin, kalmar sirrin. Ba cibiya ba, ni. Ni na san tsarinka, tun ina ƙarama nake gani. Ka fi kowa sanin abin da ke samun shafin da ba mai leƙa shi. Ƙofofin rufewa suke yi. Wannan hukuma ta sauya gida, waccan jami'a ta goge kayanta. In shekaru suka yi nisa ɗalibi zai zo ya yi ta ƙwanƙwasawa ba mai amsawa."

"Na sani."

"To ba ni."

"In ya kira ki ofishinsa, takardarki a hannun dama, alƙalami a hagu, ya ce layi ɗaya ne kawai, me za ki ce?"

"Zan ce a'a."

"Ranar farko. In ya sake kira fa? In ya kai ki ɗakin ajiya kina ƙirga kujeru? In mijin da za ki aura ɗan ƙanwarsa ne ke ba shi aiki?"

Ta ɗauki faranti ta fita, na ji kofuna suna karo a madafa fiye da yadda wanki ke bukata.

Ni dai na faɗi tawa. Na ce, "Yarinyar kirki ce, amma ba ta taɓa yunwa ba. Wanda bai taɓa yunwa ba bai san farashinsa ba. Ni na san nawa, shi ya sa ba a iya sayena."

"Kai ma wa zai saye ka?" in ji shi. "Sai dai a biya a kai ka nesa."

Bayan wannan jikinsa ya yi ƙasa da sauri. Dakta ya yi ta aiko da saƙo a waya, yau gaisuwa, gobe sunan wani likita a Indiya. Shahad ta daina min magana sai gaisuwa. Wata safiya, bayan ta fita aiki, na shigo da gurasa mai zafi daga tanderu, na same shi zaune da kansa, kwamfuta a buɗe a kan matashi, gumi ya jiƙa masa riga. Yadda ya jawo ta daga kan tebur shi kaɗai, Allah ne ya sani.

"Wanke hannunka ka zo," ya ce.

"Me zan yi?"

"Ka taɓa taɓa irin wannan?"

"Ni? Na taɓa bindigar da ta fi ta nauyi sau goma. Wannan abin wasan yara ne."

"Madalla. Na rufe duk ƙofofin baya da ake bi in an manta mabuɗi. Na cire lambar wayata, na cire komai. Saura sabon mabuɗi. In na zaɓa da kaina, zazzaɓi zai iya sa in faɗe shi, ko Shahad ta yi kuka in ba ta. In na ba ta, Dakta zai karɓa. Ina son mabuɗin da ba wanda ya san shi a duniya, har wanda ya ƙera shi."

Sai na gane. Dariya ta taso min tun daga cikin ciki.

"Ka san abin da kake yi, Abu Shahad? Yarinyar ta ce rumfar za ta rushe."

"Za ta rushe. A hankali." Ya kalli allon, ya shafa gefen kwamfutar da babban yatsa kamar mai shafa goshin jariri. "Na fi son ta rushe da gaskiyarta da ta tsaya da ƙaryar mutum ɗaya a ciki. Daga ranar da aka goge layi ɗaya don wani ya ji daɗi, ruwan shan ma ya zama na famfo."

"Ni ba wannan ya dame ni ba. Ni dai Dakta ya mutu da tambarin a goshinsa."

"Na sani. Shi ya sa na kira ka, ban kira liman ba."

Ya nuna min wani ɗan fili fari a tsakiyar allo. Ya cire tabarau ya miƙa min in ajiye a aljihuna, sannan ya juya fuskarsa ga bango.

"Danna duk inda ka ga dama. Da yawa. Kada ka bi layi."

Jama'a, na harba igwa, na tuƙa kwale-kwale cikin ruwan da ke da nakiya, amma ban taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan safiya ba. Na sa yatsuna duka, masu kaushin hawan dabino. Na danna sama, na danna ƙasa, na koma tsakiya. Ƙananan abubuwa baƙaƙe suka yi ta fitowa suna jeruwa kamar tururuwa. Kowane ɗaya na danna, ina kiran sunan itace a zuciyata, wannan na barhi, wannan na wadda kakana ya dasa a kusurwa. Ina kallonsu ƙuru-ƙuru, su ma suna kallona, ba wanda ya san wani.

"Ya isa," in ji shi. "Kana ganin babban maɓalli a dama? Danna shi sau ɗaya."

Na danna. Tururuwan suka ɓace.

Ya daɗe bai juyo ba. Kafaɗarsa tana motsi. Na yi kamar ina gyara labule, don namiji ba ya kallon namiji a irin wannan hali. Da ya juyo ya ce, "Miƙo gurasar nan." Ya ci loma guda, ita ce ta ƙarshe da na ga ya ci da marmari.

Da Shahad ta dawo shi ya gaya mata da bakinsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya taka abinci.

"Ammu Mizhir, ka san abin da ka kashe?"

"Ban kashe komai ba, 'yata. Kulle na yi."

"Yanzu kina iya rantsuwa da Alƙur'ani ba ki da shi," uban ya ce. "Ba abin da zai matse ki a kai."

"Ban roƙe ka ka kare ni ba, Yaba. Cewa na yi ka yarda da ni."



Ustaz ya cika da hantsi, ranar da zafi ya sa har karnuka suka shige ƙarƙashin motoci. Ina wurin. Shahad na ɗiga masa ruwa a leɓe da auduga, ya buɗe ido ya dube ta, ya motsa baki kamar zai ce wani abu, sai ya fasa. Ni na rufe masa ido, ni na ɗauki gaban makara, duk da gwiwar nan. Muka ɗaure akwatin a kan rufin mota muka kama hanyar Najaf, inda muke binne mamatanmu, muka bi ta kan sabon titin da ke bisa rafin Zuwayyir, don babu wata hanyar.

Dakta ya zo rumfar makoki da tawaga, ya ɗaga murya ya ja Fatiha, aka ba shi gahawa ya sha. Ya riga ya kira Shahad, ta riga ta rantse masa. Don haka da ya gama gaisawa da mutane sai ya zo ya zauna kusa da ni, ya dafa min gwiwa kamar ɗana.

"Abu Sattar, an ce kai ka taya marigayi wani ɗan aiki."

"Ni na yi aikin. Shi bango yake kallo."

"Ba za ka tuna ba? Ko farkon? In an kawo maka kwamfutar ka nuna wuraren da ka taɓa. Akwai yara masu iya haɗawa. Don amfanin ɗalibai nake faɗa."

"Zan tuna mana. Ni ba na mantuwa."

Idonsa ya yi haske, ya matso.

Na ɗaga hannuwana biyu sama yadda duk rumfar za ta gani, na baza yatsu. "Da waɗannan na yi. Wannan ya taɓa, wannan ma ya taɓa, wannan ƙaramin har sau da yawa. Ga su nan, Dakta. Kai mai ilimi ne, auna su. Amma ka auna fiye da sau ɗaya, kada ka zo a ƙarshen zafi."

Tsofaffin unguwa, waɗanda su ma rafin ya tafi da nasu, suka sunkuyar da kai, rawunansu na rawa. Ba a dariya a makoki, amma hanci ba ya jin magana. Dakta ya tashi ya gyara kwat, ya fita bai yi wa kowa sallama ba, har direbansa sai da ya bi shi da gudu.

Kujerar kwamitin wani aka ba, daga wani gari. Ko layin ne ya hana shi, ko wani abu dabam, ba wanda ya aiko min da bayani, ni dai na yanka zakara. Takardar Shahad kuwa tana kan teburinsa har yau, ba sa hannu. An mai da ita ɗakin ajiya. Ban ce ban ji zafin wannan ba. Na ji. Amma in aka dawo da ni wannan safiya, da yatsun ƙafa ma zan haɗa.

Shahad ta daɗe ba ta shigo gidana ba. In mun haɗu a layi ta ce, "Ammu," in ce, "'Yata," kowa ya wuce. Jiya da la'asar ina kan rufi ina gyara igiyar tanki, sai na gan ta a nasu rufin tana shanya, waya a hannu. Katanga ce kawai tsakaninmu, iya ƙirji.

"Ƙofa nawa suka rufe?" na tambaye ta.

"Wannan watan uku. Har da ta taswirar da ya fi so."

"Allah ya ji ƙansa."

"Amin."

Na ɗan jira. Ta san abin da zan tambaya, ta bar ni na tambaya.

"Na mutumin fa?"

Ta shafa allon wayar da yatsa, ta yi ta ja har ƙasa, sannan ta miƙo ta bisa katangar ba tare da ta sake ta ba. Rana ta haske gilashin, ban ga komai ba. Na sa tafin hannuna na yi masa inuwa. Can ƙasa ga ɗan gajeren layin nan na Ustaz, shi kaɗai da jan launi, ƙananan baƙaƙe a jere ba sa motsi. Muka tsaya a haka, ita tana riƙe, ni ina inuwa, rigunan da ta shanya suna ɗiga a kan siminti.